Kwalbar Maganin Abu Salim

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa. Ni ne Bitrus. Kun san ni da barkwanci, amma yau ku yi haƙuri da ni.

Shekara huɗu ina aikin jinya a wani gidan kula da tsofaffi a Al-Naseem, a nan ƙasar da muka zo neman aiki. Makullin kabad ɗin magunguna masu ƙarfi a wuyana yake rataye. Kowane tsoho da kwalbarsa, an manna sunansa da lambar gadonsa.

Ɗaga marasa lafiya ya kashe mini baya. Wata rana na haɗiyi tiramadol guda daga kwalbar Abu Salim, dattijon da shanyewar jiki ta hana shi magana. Na ce sau ɗaya ne. Ina! Wasa-wasa sai da na kai ba na iya tsayuwa sai da ita. Nakan kwashe nasa, in zuba masa bitamin mai kama da shi. Bawan Allah yana nishi, ni ina gyara masa filo ina cewa, "Malish, Baba," wato ya yi haƙuri. Kaico!

Saura kwana biyu in tafi hutu gida, likita ya duba shi ya ce, "Maganin nan ba ya kama shi. A kawo sabuwar kwalba, a ninka masa."

Tsohon da ya yi wata uku bai sha ƙwayar gaske ba, in aka ɗura masa ninki biyu, numfashinsa na iya tsayawa. In na yi magana kuwa, iƙamata, takardar izinin zamana, ta tafi, wataƙila har kurkuku.

Na shiga ɗakin magani, na rufe ƙofa, na durƙusa. Na ce, "Yesu, ni ɓarawo ne. Kada mutumin nan ya mutu saboda ni. Buɗe mini baki!"

Kafin maganin rana na je gaban mudir, shugaban gidan, na ajiye makulli, na faɗi komai. Ya fara kiran likita a waya tukuna don a dakatar da ninkin, sannan ya juyo gare ni. Ya ce, "Khalas, shi ke nan. Koma ƙasarku."

Aiki ya tafi. Ina jiran takardun tafiya, rashin ƙwayar ya sa na sha zufa da rawar jiki na makonni, amma Ubangiji ya cire mini ƙwayar nan daga rai. Talata zan tashi, ba dawowa.

Jiya aka bar ni na leƙa Abu Salim. Yana barci, 'yan'uwa, barci mai daɗi, ba nishi. Na tsaya bakin ƙofa na yi kuka.

Na gode wa Allah! Wanda ke ɓoye wani abu a cikinku, ya kai wa Yesu yau, ya dogara gare shi. Ni na rasa aiki, amma ban kashe mutum ba. Amin.