Yayan Matata Ya Zubar da Maganinta

Salamu alaikum mai gabatarwa. Ni ne Alhaji Umaru mai albasa, Aliero, wanda ba mai ciyar da gidansa sai Allah.

Bakin matata ya karkace, na kai ta asibiti. Anka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, anka yi gwaje-gwaje, likita ya ce wata cuta ce, sarkoyidosis, ta kumbura jijiya. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce kada a tsaida su kwatsam. Ina Kudu da lodin albasa, yayanta Malam Sani ya ga fuskarta ta cika, ya zubar da maganin, ya kawo hayaƙi. Yanzu idonta ya dushe.

Malam Sani, na san kana saurare. Gobe zan maida ta asibiti. Ka zo ka ja mata hannu, tunda kai ka hana ta ganin hanya.