Allurar Ranar Laraba

A bencin jiran likita, wata ɗaliba sanye da kayan makaranta ta rungume 'yar kula mai ƙanƙara. Tsohuwar da ke gefenta ta daɗe tana kallonta.

"'Yata, kakarki kika rako?"

"Kaina na rako, Mama. Ciwon gaɓɓai ne."

"Ke? Ai wannan namu ne, mu tsofaffi."

"Haka malamin wasanni ya ce. Ya sa na zagaye fili sau uku, wai lalaci ke damuna."

"To, me ke cikin kular?"

"Allura. Duk Laraba ni nake yi wa kaina a cinya, don mahaifiyata ba ta iyawa, takan riga ni kuka. Sai na ɗumama ta a hammata tukuna, in ba haka ba kamar an zuba min barkono. Ranar da ƙawata ta ga sirinji a jakata, kafin a tashi duk aji ya ji wai shaye-shaye nake yi. Yanzu ni kaɗai ce a bencina."

"Ki yi haƙuri. Jikinki ɗanye ne, kina girma zai sake ki."

Yarinyar ta gaji da jin wannan magana. Ta dubi yatsun tsohuwar, duk sun karkace kamar citta.

"Ke yaushe naki ya fara, Mama?"

Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe hannuwanta.

"Ina shekara sha huɗu. Ni ma haka aka ce min."