Karatun Tamsin na Kowace Yamma

A wata firamare ta birnin Winnipeg na ƙasar Kanada da ake koyarwa da Faransanci zalla, na ji hirar iyayen yara biyu, wani mutum da wata mata, a layin ganin malamar taimakon karatu.

"Kuskure malaman suka yi da suka kira ni," in ji mutumin. "'Yata Tamsin kullum sai ta karanta min littafinta ba gargada, in sa hannu a takardar makaranta."

Matar ta ce, "Kana jin Faransancin, bawan Allah?"

"Ko kalma ɗaya."

"Shafi nawa ne littafin?"

"Shida. Amma takan yi rabin awa."

"Sannunta! Tana juya shafin kuwa?"

"Ban taɓa lura ba," in ji shi.

"Kwantar da hankalinka," ta ce. "Nawa ɗan wata uku ya yi yana jero min ranakun mako da Faransanci da sunan karatu, ni kuwa har da ƙwalla ina tafa masa."