Igiyar Takalmin Maigidana

Shugaban wannan taro, babban likitan ƙashi da abokan aikinsa, malaman jinya, iyayena da yayyena masu jiran tiyata, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba matar majinyaci dama ta tsaya inda masana suka tsaya.

Maigidana malamin makaranta ne. Ciwon kwatangwalo ya ci shi har ya kai ba ya iya sunkuyawa, kullum da safe ni nake durƙusawa in ɗaure masa igiyar takalmi. Ni kuwa ma'abociyar littattafan soyayya ce. Da aka ce za a sauya masa gaɓar, sai na shirya zama jarumar labari: wata da watanni ina bakin gado, ina ba shi abinci a baki, yana kallona da hawaye.

Jama'a, likita ya ɓata mini labari! Ƙaramar kafa ya yi, ya bi tsakanin tsoka bai datse ta ba, ya cire gaɓar da ta lalace ya sa sabuwa. Washegari na shigo da kwano da cokali, na tarar da mutumin a tsaye, riƙe da ƙarfen dogarawa. Ya ce, "Uwargida, ajiye cokalin nan, hannuna lafiyarsa ƙalau."

Ba zan ce babu zafi ba. Akwai zafi, akwai atisayen da ya sa shi gumi, akwai ranar da ya yi fushi da kowa. Kuma likita ne ke duba wanda irin wannan aiki ya dace da shi. Amma mai haƙuri yakan dafa dutse.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Mama, mahaifiyar maigidana, ga ki can a layin gaba, ki gafarce ni. Ciwon nan ne ya hana ki goyon jikarki. An sa miki ranar tiyata, kin ce ba za ki zo ba. Kin ce tabon ɗanki bai kai tsawon tafin hannu ba, wai "shafa shi kawai suka yi, yaron nan daurewa yake don kada in damu." Kin ce sai kin ga ya sunkuya da idonki.

To, gani ya kori ji. Malam, taso. Likita ya yarje maka, kwance igiyar nan ka ɗaure.

Kun gani? Ko kujera bai dafa ba. Ni dai an sallame ni daga aiki.

Mama, me kika ce? Jama'a ku shaida, ta gyaɗa kai! Ranar ni zan riƙe miki jaka, kuma wannan karon cokali ba zai koma gida haka nan ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yi wa hannun likitocinmu albarka, Ya mayar da kowa gidansa da ƙafafunsa.

Na gode.