Daɓen da Inna ta yarda da shi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni malamin makaranta ne a Dakoro.

Mutane da yawa suna zaton sai an shimfiɗa karo, wato tayil, ɗaki ke kyau. Da na kai mahaifiyata ta ga sabon gidanmu, cewa ta yi, "In ka sa wannan abin mai santsi, Mai Yara zan koma. Ni yarinya ce da zan riƙa faɗuwa?"

Sai magini ya kankare simintin da inji, ya zuba masa jan launi irin na makuba, ya goge daidai yadda ba zai yi sulɓi ba. Inna ta taka, ta ja ƙafa a kai, ta ce a kawo mata tabarmarta.

Matasa masu gini, ku gwada a ɗaki ɗaya ku gani.