Gilashin Baba Tanko da Akuyar Hajiya

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa, barkanmu da war haka. Ni ce Malama Rabi daga Koki, ina koya wa 'yan mata ɗaukar hoto duk Asabar.

Akwai wani tsohon gida a Shahuci mai zane a jikin bango, za a rushe shi. Mai gidan, Hajiya Dije, ta roƙe mu mu ɗauke ta a ƙofarsa kafin magina su zo. Ana saura kwana uku gilashin kyamararmu ya faɗi ya tsage. Na zaga kasuwa neman na hannu. Wanda na samu ya ninka kuɗinsa na bara, mai shagon ma ya ce, "Malama, ki gode Allah da kika gan shi da idonki."

Sai maƙwabcinmu Baba Tanko, tsohon mai hoto, ya ciro nasa gilashin daga adaka ya ara mana, kuma ya hau kyamarar daidai. Amma da hannu ake murza shi kafin hoto ya fito tar, yarana kuwa sun saba da waya. Hoton farko Hajiya ta fito dishi-dishi, akuyarta da ke bayanta kuwa tar, har gemu.

Hajiya ta ce, "To 'yan nan, ita kuka zo ɗauka?"

Baba ya kama hannun Zainab, ɗaya daga cikin yarana, ya nuna mata murzawa a hankali. Kafin la'asar Hajiya ta fito a hoto da gidanta, kowane zane raɗau. An rushe gidan, hoton yana sabon ɗakinta.

Masu sauraro, yaya ake adana gilashi kada damina ta ɓata shi? Aro ne. Ina gaida Baba Tanko da 'yan ajina.