Wuta a Kaskon Kifi

A tashar bas da ke gaban wani shagon soya kifi da dankali a birnin Hull, wata dattijuwa ta zauna kusa da wani mutum tana ta murmushi.

"Baiwar Allah, ba shagon nan ne ya kama da wuta jiya ba?" in ji mutumin.

"Namu ne ai. Man kaskon ne ya kama, wuta har rufi. Ina juyowa sai ga maigidana Desmond da bokitin ruwa."

"Ruwa a kan mai? Ai da layin nan duka ya tashi."

"Shi na gani. Na banke shi gefe, na kashe gas, na fizgo bargon kashe wuta na rufe kaskon. Ni da yake cewa naɗe kifi a takarda kawai na iya!"

"Maigidan ya ƙone?"

"Ko kaɗan. Bankewar ce ta karya masa hannu. Asibitin za ni yanzu."

"Kuma kike dariya?"

"Wa ya ce dariya nake? Yana can yana gaya wa likitoci shi ya kashe wutar."

"Ba ki ƙaryata shi ba?"

"Na bar masa labarin. Jibi za mu buɗe, shi kuwa hannu a ɗaure. Ka zo ka ɗanɗana suyata, tunda muka yi aure bai taɓa barina kusa da kaskon nan ba."